Babban kamfanin lauyoyi a Legas ko ofishin lauya mai zuwa kotu a gida?

Ƙanwata 'yar aji huɗu a tsangayar shari'a, da kike tambayar inda za ki nemi horon sanin makamar aiki a dogon hutu, ko manyan kamfanonin lauyoyi na Legas da Abuja ko ofishin wani lauya a nan Kano: ki fara da ofishin lauyan da ke zuwa kotu. Na Legas ki ɗage shi zuwa bayan kin san yadda fayil yake tafiya daga tebur zuwa gaban alƙali.

Ga yadda yini yake a irin ofishin da nake nufi. Kafin takwas an fito da fayilolin ranar. Za a miƙo miki ɗaya a ce ki karanta abin da aka rubuta a bangonsa game da zaman da ya wuce. Babbar kotu da tara take zama, don haka kafin nan kin duba jerin shari'o'in da aka liƙa, kin san ku ne na nawa. Ba ki da bakin magana a gaban alƙali tukuna, sai an rantsar da ke lauya, amma kina zaune a baya da littafinki kina rubuta abu huɗu: me aka roƙa, me ɗaya ɓangaren ya ce, me alƙali ya yanke, zuwa wace rana aka ɗage. A hanyar komawa, lauyan kirki zai juyo ya tambaye ki, "Me ya sa na ƙyale shaidan nan ban ƙara masa ko tambaya ɗaya ba?" In kin yi shiru sai ya faɗa miki: shaidan ya riga ya faɗi abin da ake so, tambaya ta gaba dama ce za a ba shi ya gyara. Irin wannan bayanin na minti biyar a cikin mota shi ne ribar wurin, kuma kusan kullum kina samunsa, domin mutanen ofishin ba su fi biyar ko shida ba, babu inda za ki ɓace wa mai gidan.

Da rana kuma aikin rajista. Ki roƙa a haɗa ki da ma'aikacin da ke kai takardu kotu, kada ki raina shi, ya fi wasu sababbin lauyoyi sanin hanya. Za ki ga an miƙa takarda, an ƙiyasta kuɗinta, an biya, an buga hatimi, mai takardar rantsuwa ya rantse gaban kwamishinan rantsuwa, sannan an ba masinjan kotu ya kai wa wanda ake ƙara, ya dawo da shaidar ya isar. In wannan shaidar ba ta cikin fayil ɗin kotu, alƙali ba zai saurari roƙon ba, sai a ɗage, wata guda ko fiye ya tafi a banza. A nan za ki gane cewa shari'o'i da yawa ba rashin gaskiya ke kayar da su ba, ƙananan kurakurai ne. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishi, ba da sunan lauyan da ke cikin rajistar lauyoyi ba, ba ta da inganci. Ɗaukaka ƙarar da ba ta laifi ba zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata uku gare ki in hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 kacal in hukunci ne na tsakiyar shari'a. Saƙon waya ko bayanin asusun banki da aka ciro daga kwamfuta sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kafin a karɓa. Duk kin karanta ko za ki karanta waɗannan a aji, amma ranar da kika ga lauya ya tsaya yana gumi saboda ya manta ɗaya daga ciki, ba za ki sake mantawa ba.

Akwai kuma abin da Kano ke da shi wanda kamfanin Legas ba zai ba ki ba. Dattijo zai zo da rikicin gado ko na fili, ya yi awa guda yana bayani da Hausa, ya faro tun daga kakansa. Aikin lauya shi ne ya tsamo abin da kotu ke buƙata daga ciki: wa ya rasu, su wa ya bari, filin a hannun wa yake, tun yaushe, da wace takarda, su wa suka shaida. Sai a mayar da wannan Turancin kotu ba tare da an ƙara ko an rage ba. Ga kotunan shari'ar Musulunci, inda ake zama da Hausa, inda fiƙihun da kike karantawa yake aiki a kan aure da gado da bashi. Ki nemi ofishin da ke shiga kotunan biyu.

Sai dai ki lura da lokaci, nan ne ɗalibai suka fi yin asara. Manyan kotuna suna tafiya hutun shekara daga wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta har zuwa Satumba, sai alƙalin hutu kawai ke zama domin abubuwan gaggawa kamar beli da ƙarar tauye haƙƙin ɗan'adam. In hutunku ya faɗa cikin wannan lokacin, ki tambaya tun farko ko ofishin yana da shari'o'i a kotun majistare da kotunan shari'ar Musulunci, domin su suna ci gaba da zama. In ba haka ba za ki yi mako shida kina shan iskar fanka.

Kuma lauyan za ki zaɓa, ba allon da ke ƙofa ba. Ki je babbar kotu kwana biyu ko uku ki zauna, ki ga waye yake zuwa da shirinsa, waye yake zuwa da ƙananan lauyoyi har ya bar su su tashi su yi magana. Wanda yake barin yaransa su gabatar da roƙo, shi ne mai koyarwa. Ki tambayi malamanku da ke aikin lauya, ki tambayi 'yan ajin da suka gabace ku. Ki fitar da ofisoshi biyar ko shida. Irin waɗannan wuraren ba safai suke tallar gurbi ba, kuma imel ɗinsu na iya yin wata ba a buɗe ba, don haka da ƙafa ake zuwa, bayan ƙarfe biyu lokacin da an dawo daga kotu, cikin shigar baƙi da fari. Ki riƙe CV shafi ɗaya, da wasiƙar gabatarwa daga tsangayarku, da taki wasiƙar mai sakin layi uku: ke wace ce kuma aji nawa, me ya sa wannan ofishin musamman, daga wace rana zuwa wace rana kike so. Ki rubuta sunan mai ofishin daidai, da SAN, wato lambar girma ta Babban Lauyan Najeriya, in yana da ita. Bayan mako ɗaya ki koma ki bibiya. Kada ki sa rai da alawus. Wasu suna ba da kuɗin mota, wasu ba sa bayarwa. Ki nemi mako shida zuwa takwas, domin a mako biyu ba za ki ga an ɗage shari'a an dawo kanta ba.

Manyan kamfanonin kuwa, irin su Aluko & Oyebode, Banwo & Ighodalo, Templars, Olaniwun Ajayi da Udo Udoma & Belo-Osagie, ba zan hana su nasu ba: sunansu yana da nauyi a CV, aikinsu a tsare yake, kuma can ake ganin manyan yarjejeniyoyin banki da mai da wutar lantarki. Amma ɗaliba a babban kamfani yawanci bincike take yi a kwamfuta, ta rubuta taƙaitaccen ra'ayi ta miƙa wa ƙaramin lauya, ko ta tace tarin takardun kamfanin da ake son saye, kuma tana iya gamawa ba ta taka kotu ba. Ga kuɗin masauki da na mota a Legas, wanda alawus ɗin makonni kaɗan da wuya ya rufe.

In kin ga dole sai kin gwada, to hanyar daban ce. Su a shafinsu na intanet da LinkedIn suke sanarwa, watanni kafin lokacin, kuma in an rufe an rufe. Suna duba makin karatu, galibi sun fi son mai daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, wasu su ƙara da rubutun gwaji ko jarrabawa kafin ganawa. Abin da ke jefa takarda kwandon shara sananne ne: wasiƙa ɗaya aka tura wa kamfani goma har aka manta sunan wani a ciki, adireshin imel mai sunan wasa, CV shafi huɗu cike da tarukan da aka halarta, ko takarda da aka ɗauka hoto da waya maimakon PDF mai ɗauke da sunanki. Ki karanta sassan aikin kamfanin ki ambaci ɗaya da dalili. A nan 'yar Arewa da ta karanta shari'ar Musulunci tana da abin da za ta faɗa: tun da Jihar Osun ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, a 2013, Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata na farko na naira biliyan 100 a 2017, ga bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin Jaiz, ana buƙatar lauyan da ya san ijara (haya) da murabaha (sayarwa da ribar da aka bayyana) kuma ya san Dokar Kamfanoni ta 2020. Ki rubuta wannan a wasiƙarki in da gaske kina sha'awarsa.

Ƙofar nan ba yanzu kaɗai take buɗe ba, shi ya sa na ce kada ki yi gaggawa. Bayan aji biyar akwai jiran shiga Makarantar Horas da Lauyoyi, wanda kan ɗauki watanni. A makarantar kanta, ko Bagauda aka tura ki ko Bwari ko Yola, akwai lokacin da ake tura ɗalibai kotu sannan ofishin lauya, da kundin da za ki cike a tantance ki a kansa. Sai shekarar bautar ƙasa, wadda ita ce ainihin hanyar da manyan kamfanoni ke gwada waɗanda za su riƙe. Wadda ta zo ganawa a lokacin tana iya bayanin yadda ake shigar da roƙo da takardar rantsuwarsa, ta fi wadda take da sunan manyan kamfanoni biyu a CV amma ba ta taɓa riƙe fayil ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayar da gurbi. Babu ofishin lauya na gaskiya da ke karɓar kuɗin fom ko na rajista daga ɗaliba. Ana ɗaukar tambarin babban kamfani a haɗa sanarwar bogi a watsa a WhatsApp, da lambar asusun mutum a ƙasa. Ki duba ko sanarwar tana shafin kamfanin, kuma ko imel ɗin da za ki tura wa yana ɗauke da sunan kamfanin ne ko Gmail. Akwai masu sayar da takardar shaidar horo ba tare da kin je ko'ina ba, da masu cewa za su sa miki hannu a kundi kina gida. Kada ki taɓa, tambaya biyu a ganawa za ta tona, kuma wannan sana'a ce da ake duba halin mutum kafin a rantsar da shi. Akwai kuma 'yan buga-buga a harabar kotu masu kwat da jaka waɗanda ba lauyoyi ba ne. Lauyan gaske yana da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai ɗauke da sunansa da lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, kuma ofishin reshen ƙungiyar na Kano zai iya gaya miki ko ɗansu ne. Duk wanda ya ce ku haɗu domin ganawa a otal ko da dare, ki bar gurbin, ki sanar da malaminki. Kuma gida su san ofishin da sunan mai shi.

In kin samu wurin, abin da kika gani a fayil ya tsaya a ofis, ko a gida kada ki ba da labari, balle ki ɗauki hoto. A gari irin Kano wanda ake ƙara yana iya zama maƙwabcin ƙawarki. Ki riƙe littafi kina rubuta kwanan wata, kotu, irin roƙon da aka yi, da aikin da kika taɓa da hannunki, ba tare da sunayen mutane ba. Mako ɗaya kafin ki gama ki roƙi wasiƙar shaida a kan takardar ofishin mai ɗauke da ranakun da kika yi da ayyukan, tun mai gidan yana tuna fuskarki. Da ita za ki nemi na Legas ɗin baɗi.