Bannerlord: sarauta da cefanenta, amma babu algaita

Wanda ya taso a Garwa yana kallon hawan sallah a ƙofar Lamido ba zai yi wuyar gane Mount & Blade II: Bannerlord ba. Wasan kwamfuta ne na kamfanin TaleWorlds da ke Turkiyya, an fara sakinsa a 2020, cikakkensa ya fito a Oktoba 2022, har da na PlayStation da Xbox. Duniyarsa ƙirƙirarriya ce, sunanta Calradia. Babu dodo, babu tsafi, dawakai ne da masu da garuruwa masu ganuwa, sai sarakuna da ba sa gajiya da yaƙar juna.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda ake zama wani a ciki. Da talauci kake farawa, kana korar 'yan fashi, kana shiga gasar faɗa don ka sami na hatsi. Sai sunanka ya kai maki 50 sarki zai yarda ya ɗauke ka sojan haya. Idan ya kai 150, a nan ne za ka iya yin mubaya'a ka shiga sahun masu sarauta. Ko a nan ba a miƙa maka gari haka kawai. Manyan gidaje ne ke jefa ƙuri'a kan wanda za a ba ganuwar da aka ci, kuma kana iya zama kai ka fara hawa tsani ka sha kibiya, a ɗauki garin a ba wani da ko filin daga bai zo ba. Duk wanda ya san zaman fada, inda Galadima da Kaigama da Sarkin Yaƙi ke da bakin magana, zai yi dariya a nan.

Bardayen Vlandia, ƙasar sarki Derthert, su ne abin kallo. Yaro ɗan gidan sarauta yana shigowa a matsayin mai riƙe wa barde makamai, yana hawa mataki mataki har ya zama barde mai tuta, sulke tun daga kai har ƙafa. A Turai ta da ma haka abin yake: a kai yaro gidan wani babba yana ɗan shekara 7, ya zama mai hidimar barde a wajen 14, a naɗa shi a wajen 21. Wasan ya gajarta shekarun amma bai yafe kuɗin ba. Kowane ƙarin girma sai ka biya dinari, wani matakin sai ka kawo dokin yaƙi, sannan albashi kullum yana fita. Kawuna da ya taɓa riƙe doki domin hawa yakan ce sayen doki ba shi ne aiki ba, harawa da dawa su ne aikin. Wasan nan ya san wannan. Ka tara bardaye hamsin ba ka da gari ko ayari mai kawo riba, ka ga yadda aljihu ke bushewa. Ni dai na fi son mahayan Aserai na sarki Unqid, don rawunansu da sahararsu sun fi kama da gida, ko da yake a karon farko na mashi Vlandia ta fi su nauyi.

Inda ya gaza mini shi ne naɗi. Ranar da ka zama mai sarauta, 'yan layukan rantsuwa ne ka latsa, shi ke nan. Ba taro, ba alkyabba, ba mai busa ko maroƙi da zai faɗa wa duniya ko kai ɗan wane ne. Haka idan ka zama sarki kana so ka ɗaukaka amintaccen yaronka: ka ba shi gari, ka zuba dinari 20,000 da makin tasiri 500, ya zama mai gida nasa, kamar an cike takarda a ofis. Hirar manyan ma maimaici ce, bakin ɗaya kamar na ɗaya.

Ga mai son saye: yana cin wuri kusan giga 60, don haka sauke shi da datar waya hasara ce, a nemi inda ake da intanet mai ƙarfi. Bayan an sauke, yin wasan kai kaɗai ba ya buƙatar intanet. Akwai Faransanci, wanda ya sauƙaƙa wa ƙannena da ba sa jin Ingilishi. A zafin Maris da Afrilu kuwa ƙaramar kwamfuta tana wahala idan an bar yaƙi a kan mutum 1,000, gara a rage yawan. A riƙa adanawa akai-akai saboda ɗauke wuta. Mai kwamfuta mai ƙarfi da haƙuri ya saya. Mai neman dodanni da takobin tsafi ya duba wani wasan.