Ifoksi ko foliyesta wajen gyaran ƙasan jirgin ruwa mai filafilai

Malam, ka tambaya wane ruwan ƙaro mai sandarewa za ka saya, ifoksi ko foliyesta, don gyara tsaga da bororo (kumburi mai ruwa a ciki) da suka fito a jikin jirginka. Ifoksi za ka saya. Tunda tsagar da bororon duk a ƙasan jirgin suke, wurin da yake kwana cikin ruwa, kada arahar foliyesta ta ja ka.

Na san za a ce maka ai da foliyesta aka ƙera yawancin jiragen faiba (ƙyallen zaren gilashi da ake jiƙawa da irin wannan ƙaro ya sandare) tun farko. Gaskiya ne, amma a masana'anta ana shimfiɗa sabon faiba ne a kan wanda bai gama bushewa ba, sai su zama jiki ɗaya. Jirginka kuwa ya sandare shekaru da yawa, duk abin da za ka ɗora masa riƙo kawai zai yi a kan wurin da ka gurza. A nan ifoksi ya yi wa foliyesta fintinkau: ya fi kama tsohon jiki, ba ya tsukewa sosai in ya bushe, kuma danshi bai cika ratsa shi ba.

Nawa jirgin ya taɓa bugun dutse ya tsage ta ƙasa. Da aka fito da shi filin gyara, wani dattijon magyari ya hana ni taɓa gwangwanin ifoksi sai da muka gama gurza. Ƙa'idar da ya nuna mini ita ce 12 bisa 1: in kaurin jikin milimita 10 ne, a zaftare gefen ramin a karkace har santimita 12 ta kowane ɓangare, ya koma kamar faranti. Muka yanka ƙyallen faiba girma-girma, muka jiƙa kowanne har ya daina fari ya koma garau, ana hango na ƙasansa, dattijon yana bi da ɗan abin murzawa yana korar iska. Ifoksin West System muka yi amfani da shi, mai lamba 105, da abin sandarar da shi mai lamba 206 mai jinkiri saboda zafin rana, kashi 5 da kashi 1. Duk fitar da nake yi da jirgin sai na ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma, har yau ƙarar ɗaya ce da ta sauran jikin. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.

Foliyesta kuwa na taɓa sayensa na toshe wani rami a saman jirgi, ya yi aikinsa dai. In gyaran na sama ne, kuma kana son shafa jelkot (shafen waje mai santsi na jirgin faiba) ya yi ƙyalli, to shi ne ya fi dacewa, don jelkot bai cika kama ifoksi ba.

Ifoksi ma yana da halinsa. Kada ka ƙara abin sandarwa wai don ya yi saurin bushewa, lalata shi za ka yi. Kwaɓa kaɗan-kaɗan a faffaɗan mazubi, domin in ya taru a kofi zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi ya daskare kana kallo. Bayan ya bushe yakan fitar da wani maiƙo-maiƙo a sama, wanke shi da ruwa kafin ka sa samfefa. Rana tana cinsa, dole a rufe shi da fenti. Ka sa safar hannu da takunkumi.

Maganar bororon nan fa, haƙuri take so. Fasa su, ka kare idonka, ruwan ciki mai tsami ne. Wanke da ruwan daɗi, a maimaita, sannan a bar jikin ya sha iska, ko da zai ɗauki makonni ko watanni, har na'urar auna danshi ta nuna ya sauka. Ifoksi a kan jiƙaƙƙen jiki kulle ruwan kawai zai yi a ciki.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗura foliyesta a gwangwani marar suna su ce ifoksi ne, akwai masu tsarma shi da tina. Buɗe ka shinshina: foliyesta warinsa mai hawa kai ne, ifoksi kusan ba shi da wari. In aka miƙo maka 'yar kwalba aka ce ɗigo kaɗan za ka sa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wannan foliyesta ne, mayar musu da kayansu. Haka magyarin da ya ce zai shafe bororon da fila ya bi da fenti cikin mako guda, kada ka ba shi aikin. Sayi gwangwani a like, mai takardar bayanin kwaɓi a jikinsa, ka gwada ɗan kaɗan a kan guntun katako ka ga ya sandare kafin ka kai shi jikin jirgi.