Gem Mai Araha Da Za Ka Buga Da Abokin Da Ke Nesa: Wanne Ya Dace Da Ɗan Kaduna?

Idan abokinka ya tafi karatu Masar ko aiki ya kai shi Saudiyya, kuna son abin da zai riƙa haɗa ku da daddare, kada farashin da aka rubuta a jikin gem ya zama abin dubawa na farko. A nan Kaduna abu uku ne ke yanke hukunci: data, wuta, da ƙarfin laftof ɗin da ke hannunka. Yawancin na hannu da ake saye a shagunan Ahmadu Bello Way, irin su HP EliteBook da Dell Latitude masu Core i5 da RAM 8GB, ba su da katin hoto na daban, wato na'urar da ke sarrafa hotunan gem masu nauyi, kuma wannan kaɗai ya fitar da manyan gem da yawa daga lissafi.

Na kyautan nan da ake ta kururutawa su ne masu tsadar gaske. Counter-Strike 2 ba a biyan ko sisi, amma yana neman wajen 85GB a kwamfuta, ga sabuntawa kullum. Dota 2 da Fortnite duk kanwar ja ce. Sannan wasannin harbi ne ko na saurin hannu, sabar da ke haɗa 'yan wasa tana Turai ko Afirka ta Kudu, fing ɗinka, wato jinkirin saƙo tsakaninka da ita, ya haura 100, kafin ka ga mutum ya riga ya kashe ka. It Takes Two yana da kyau, mutum ɗaya ne ke saye ɗayan ya sauke kyauta, sai dai 50GB ne kuma yana son katin hoto. A bar wa masu shi.

Wanda ya fi dacewa da halinmu shi ne Stardew Valley. Mutum ɗaya ne ya ƙirƙire shi, Eric Barone, ya fito a 2016, kuɗinsa dala 14.99 a Steam, shagon sayar da gem na intanet, kuma yakan sauka ƙasa da dala 10 lokacin rangwame. Girmansa bai kai 1GB ba, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. Gona ce kuke gyarawa tare: shuka, ban ruwa, kiwon kaji da shanu, kamun kifi, haƙar ma'adinai. Babu gaggawa, don haka ko sabis ya ɗan yi nauyi ba abin da ke lalacewa, kuna hira kuna aiki. Akwai alade da haɗa giya a ciki, amma ba wanda ya tilasta maka, gona tana tafiya lafiya lau ba tare da su ba.

Wajen kafa gonar ne ake kuskure. Wanda ya buɗe ta, a kwamfutarsa take zaune, kuma sai yana kan layi ɗayan zai iya shiga. Saboda haka wanda ya fi samun tsayayyiyar wuta shi ya kamata ya buɗe, galibi wanda ke waje. A saka ɗakin baƙo ɗaya tun farko, in ba haka ba abokin ba shi da wurin shiga, kuma a raba aljihu idan ɗayanku mai kashe-mu-raba ne. Gem ɗin ba ya ajiye aiki sai an kwanta barci a ƙarshen rana, ranar kuwa kusan minti 14 ce. Ko an ɗauke wuta batir ya mutu, asarar ba ta wuce wannan ba. Kowa sai ya sayi nasa. Sai dai ana iya bi ta Remote Play Together, tsarin Steam na buga gem ɗin aboki daga nesa, da kwafi ɗaya, amma bidiyo ne ake turo maka kai tsaye, yana shan data kamar rariya.

In aljihu ya yi ƙasa sosai, Don't Starve Together yana zuwa da ƙarin kwafi da za ka tura wa aboki, sai dai yana da wuya, sabon shiga yakan mutu tun kwanakin farko. Terraria dala 9.99 ne, ƙarami, ga mai son faɗa. Portal 2 na mutum biyu ne cif, amma kuna gamawa shi ke nan. Mai son dara ta Turawa ya buɗe Lichess a burauza, kyauta, babu talla.

Sayen ma yana da lokaci. Babban rangwamen Steam yana zuwa ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, shagon Epic kuma yana ba da gem kyauta duk Alhamis. Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga awa 2 ba, don haka ku gwada haɗuwa tun daren farko. Sabon asusu ba ya iya tura gayyatar abota sai ya kashe dala 5, amma yana iya karɓa, sai mai tsohon asusu ya turo.

Tun da biyan dala da katin naira ba kullum yake tafiya ba, nan 'yan damfara suka kafa tarko. Za ka ga mutum a WhatsApp ko Telegram yana tallar gem na dala 40 a kan 'yan dubunnai. Ba gem yake sayar maka ba, asusun wani ne yake ba ka kalmar sirrinsa, kuma ya ba wasu goma irinka. Umarnin da zai biyo baya shi ke tona shi: ka shiga sau ɗaya, ka kashe intanet ɗin Steam, kada ka sake kunnawa. To ta yaya za ka buga da abokinka? Wanda ya sayar maka da asusu gaba ɗaya ma, imel ɗin farko da rasit suna hannunsa, ranar da ya ga dama zai ƙwace abinsa, kuma ba ka da bakin ƙara domin dokar Steam ta hana cinikin asusu. Gem ɗin da ake tura maka a filas a kasuwa fasasshe ne, ba ya haɗuwa da na abokinka na gaskiya, sau da yawa kuma yana ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri, har na banki. Katin kuɗin Steam da aka turo maka hotonsa mai yiwuwa an riga an cinye lambar. Mai ce maka ka sa VPN ka koma wata ƙasa don arha, asusunka yake jefawa cikin haɗari. Duk saƙon da ya ce an kai ƙararka bisa kuskure, ka tuntuɓi wani ma'aikaci, ƙarya ce, ma'aikatan Steam ba sa bin mutum ta hira. Ka kunna Steam Guard, tsarin tsaron asusu, a wayarka tun ranar farko. Hanya mafi tsabta ita ce abokin da ke waje ya aiko maka katin kuɗi na cikin Steam kai tsaye, bayan abotarku ta kwana 3 a Steam, kai kuma ka biya shi da naira.

Ranar wasa, ka haɗa waya da laftof ta igiyar USB maimakon hotsfot, ya fi tsayuwa kuma wayar tana caji. Ka nuna wa Windows cewa datarka a ƙidaye take, kada ta kama sabuntawa a tsakiyar dare. A tuna da agogo: Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Maleshiya da awa 7, don haka bayan isha'inka asuba ta kusa ga wanda ke Kuala Lumpur.