Faifan Savane na Ali Farka Toure: wata uku ina jin sa a hanyar fadama

Da kakar bara na yi odar faifan nan ta intanet, bai iso hannuna ba sai bayan mako bakwai, har na fara cire rai. Da ya zo kuma, kusurwar kwalin ta lotsa, murfin robar ya tsage daga sama har ƙasa. Na rubuta wa wanda ya sayar mini, shiru kake ji har yau. Allah ya taimaka shi faifan kansa ko ƙwarzane babu, don haka na bar maganar.

Na san wani zai ce me ya kai ni sayen faifan CD alhali waya na ɗauke da komai. Gonata ta shinkafa tana can gefen Yawuri, a bakin Kwara, inda sabis sai ya ga dama yake leƙowa. Tsohuwar motata kuwa mazubin faifanta yana aiki garau. Sannan ina son abin da zan riƙe a hannu, in juya bayansa, in karanta sunayen waɗanda suka kaɗa. Wata uku ke nan faifan bai fita daga motar ba sai sau ɗaya, zan kuma zo kan wannan.

Savane shi ne faifan ƙarshe da Ali Farka Toure, mawaƙi kuma makaɗin jita na ƙasar Mali, ya kammala da sunansa shi kaɗai. Kamfanin World Circuit na Landan, wanda Nick Gold ke jagoranta a lokacin, shi ya fitar da shi a watan Yulin 2006, wata huɗu bayan rasuwar mai shi. Waƙoƙi 13 ne a ciki, an ɗauke su a Bamako. Ya yi aikin ne ciwon dajin ƙashi na cin sa, amma wallahi in ba a gaya maka ba, ba za ka ji alamar ciwo a muryar ba. Murya ce mai kauri, a zaune take daram, ba ta gaggawa, irin ta dattijon da ya san in ya buɗe baki za a yi shiru.

Ranar da na fara sa shi, waƙar farko mai suna Erdi ba ta yi nisa ba na rage gudun mota. Abin da kunnena ya fara kamawa ba jita ba ce. Wata tsirkiya ce mai kaifi, busasshiya, wadda duk wanda ya tashi yana jin molo ko gurmi zai gane danginta nan take. Su a Mali ngoni suke ce mata, kuma waɗanda suka riƙe ta a faifan nan, Bassekou Kouyate da Mama Sissoko, ba ƙananan makaɗa ba ne. A gefe ga njarka tana kuka, ɗan goge mai tsirkiya ɗaya, ƙanwar kukumarmu. Ga ƙwarya ana ƙwanƙwasa ta da kaifin sauti kamar kofaton doki a kan tsandauri. Jitar Ali tana shigowa ne a tsakaninsu, ba ta danne kowa, ta faɗi 'yar maganarta ta koma baya, ta sake dawowa da ita an ɗan murɗa mata wuya. A nan gwanintarsa take. Zai riƙe zagaye ɗaya na kiɗa minti biyar, ka rantse abu ɗaya yake maimaitawa, amma in ka kasa kunne babu zagayen da ya yi daidai da na bayansa.

A jikin kwalin an rubuta da Turanci cewa shi ne sarkin mawaƙan buluz na hamada. Wannan rubutun shi ne abu na farko da bai kwanta mini ba. Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyar nan, kuma gaskiya ne akwai kama. Shi kansa Ali, da ya fara jin faifan John Lee Hooker, mawaƙin buluz na Amurka, a Bamako a ƙarshen shekarun 1960, abin da ya ji a ciki kiɗan gida ne da ya ƙetare teku. Sau da dama ya nanata wa 'yan jarida cewa saiwar tana wajensu, abin da ke Amurka rassa ne. To ta yaya za a ɗauki sunan reshe a liƙa wa saiwa? Na fahimci kasuwa ce, Bature ba zai miƙa hannu ga faifan ba sai ya ga kalmar da ya sani. Amma ni da nake jin sa a kan hanyar fadama, ban ji hamada ba. Kogi na ji.

Ba ni na fara faɗin haka ba ma. Akwai wani dattijo Bazabarme a garinmu da ke gyaran injin ban ruwa, mutumin Nijar ne asalinsa, ya daɗe a nan har ya aurar da 'ya'ya. Wata safiya injina ya ƙi tashi, shinkafa kuwa tana tsaka da neman ruwa, ƙasa ta fara tsattsagewa a kan kunyoyi. Na je na ɗauko shi da jakar kayan aikinsa, muka kama hanya, faifan yana ci. Bai ce komai ba sai da aka yi waƙa biyu. Sannan ya ɗora hannu a kan gwiwarsa ya ce, "Malam, wannan ɗan bakin kogi ne. Wane ne?"

Na ce, "Baba, Ali Farka ne, mutumin Mali."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ai farka jaki ne, su ma a Zabarmanci kusan haka suke faɗi. Na ce haka ne, Baba, kuma ba zagi ba ne. Shi ne ɗa na goma a wajen mahaifiyarsa, duk waɗanda suka riga shi sun rasu tun suna ƙanana, shi kaɗai ya rayu, aka laƙaba masa sunan saboda juriya da taurin rai. Dattijon ya daina dariya. Ya ce su ma suna da irin wannan, mu ma muna da shi, yaron da aka sha wabi kafin a same shi ba a ba shi suna mai daɗi. Daga nan ya riƙa tsinto mini kalmomi a waƙoƙin da aka yi da harshen Songhai, yana cewa wannan ya ji, wannan ta wuce shi, don maganar mutanen Tumbuktu ba daidai take da tasu ba duk da tushe ɗaya ne. Da aka shiga ta Fulatanci ya ɗaga hannu ya ce wannan kuma sai Fulani.

Sai waƙa ta huɗu ta shigo, ita ce Savane ɗin, wadda faifan ya ci sunanta. A hankali take tafiya, ngoni na zuba kamar ruwa daga bakin tulu, jita na amsawa, Ali kuma rabi yana rerawa rabi yana magana, da Faransanci. Ni ba na jin Faransanci. Baba yana ji, ya yi aiki a Yamai yana saurayi. Can sai na ga ya miƙe zaune, ya ce in mayar baya. Na mayar. Ya saurara ya ce, "Malam, ka san me yake cewa? Cewa yake maimakon a riƙa ba mu bama-bamai, a ba mu injin ban ruwa mu ci da kanmu." Muka dubi juna. Jakarsa na kan cinyarsa da sifanu a ciki, hannunsa duk baƙin mai, mu biyu muna kan hanyar zuwa tayar da mataccen inji. Ban san lokacin da idona ya cika ba.

Tun ranar na daina jin faifan a matsayin kiɗan shahararren mawaƙi. Manomi ne yake magana, kuma haka shi ma yake kiran kansa. An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, a yankin Tumbuktu, ya tashi a Niyafunke, gari ne a bakin wannan kogin dai da ke wucewa ta gaban gonata, sai dai shi yana can sama sosai, kafin ruwan ya ratsa Nijar ya shigo mana. Bai yi makarantar boko ba. Gidansu ba gidan roƙo ba ne, kuma kamar yadda yake a wajenmu, ɗan gidan da ba su gaji kiɗa ba in ya ɗauki abin kaɗawa sai an yi masa faɗa. Bai fasa ba. Yana yaro ya haɗa wa kansa ɗan molo mai tsirkiya ɗaya, abin da ya tuna mini da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda shi ma da tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, daga nan ya ɗauki abin da yatsunsa suka saba yi a kan molo ya zuba shi a kan tsirkiya shida. Jitarsa ta kansa ta farko sai a 1968 ya saye ta, a Bulgeriya, da aka tafi da su wani bikin al'adu. Ya yi tuƙin mota, ya yi na jirgin ruwa, ya shafe shekarun 1970 yana aikin na'urorin sauti a gidan Rediyon Mali, inda ya riƙa ɗaukar waƙoƙinsa yana aikawa Faransa a buga.

Duniya ta san shi sosai ne bayan ya fara zuwa Ingila a 1987, musamman da faifan Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ba'amurke Ry Cooder ya kuma ci kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. A nan ne labarinsa ya bambanta da na mawaƙa da yawa. Lokacin da ake neman sa a ko'ina, sai ya juya ya koma gona. Kuɗin da jita ta kawo masa ya zuba su a noman shinkafa da injunan jawo ruwa daga kogi. Da kamfani ya matsa yana son sabon faifai, sai da suka kwaso na'urorinsu da janareta suka bi shi har Niyafunke, aka ɗauki faifan 1999 a can tsakanin aikin gona. A 2004 mutanen garin suka zaɓe shi magajin gari, ya riƙa sa kuɗin aljihunsa wajen gyaran hanya da magudanun ruwa da man injin da ke ba garin wuta. Grammy ta biyu, ta faifan da ya yi da Toumani Diabate mai kaɗa kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, ta zo ne a Fabrairun 2006, yana kwance. A watan Maris ya rasu a Bamako yana da shekara 66, aka kai shi Niyafunke aka rufe. Allah ya jiƙansa.

Ba duk abin da ke cikin faifan ne ya yi mini ba, kuma ba zan ɓoye ba. An gayyato baƙi daga waje. Akwai mai busa hamonika daga Ingila, Little George Sueref, da Pee Wee Ellis mai saksofon, wanda ya yi aiki da James Brown. Hamonikar na saba da ita a hankali, a Erdi ma har tana zama kamar ƙawar njarka, suna kuka tare. Saksofon ɗin ne har yau bai zauna mini ba. Mutumin gwani ne, bai yi hayaniya ba, amma duk sa'ad da ya shigo a Beto sai in ji kamar an shimfiɗa kafet a tsakar gida mai yashi. 'Yan amshi sun riga sun cika wurin, ba a bukatar ƙari. Wani mai sauraro zai iya cewa nan ne ya fi masa daɗi, ba zan yi musu da shi ba.

Ɗan littafin da ke ciki, wanda saboda shi na jure jiran mako bakwai, rubutunsa ƙanana ne ƙwarai, sai na sa tabarau na fita haske. Wanda ba ya jin harshen Turawa kuwa hotuna kawai zai kalla. Wajen ɗaukar sauti dai ban ga abin kushewa ba. Lasifikar motata ta gaban hagu tana ɗan kaɗawa, duk da haka kana jin kowane makaɗi a mazauninsa, har shafar yatsa a kan tsirkiya. Sai dai ba faifan babban titi ba ne. In kana gudu iska na shigowa, ngoni ɓacewa take yi, sai ƙwarya da murya su rage. Ya fi daɗi a hanyar burji da asuba, gilashi a rufe, ko bayan la'asar in an kashe inji kunne ya huta.

Wanda ke neman kiɗan rawa ko na biki, kada ya ɓata kuɗinsa. Wanda kuwa ya taɓa zama har dare yana jin mai gurmi shi kaɗai a ƙofar gida, zai shiga faifan nan kamar gidan kawunsa. In da zan ba da shawarar inda za a fara, a fara da ta huɗu, sannan a koma farko a bi su a jere, kada a tsallake.

Injin kuwa ya tashi a ranar, datti ne ya toshe masa hanyar mai. Muka tsaya muna kallon ruwa yana bin kunyoyi, ƙasa na sha tana ƙara. Da na mayar da Baba gida na miƙa masa kuɗin aikinsa, ya karɓa ya ƙirga, ya zare wani abu a ciki ya mayar mini. Ya ce in ba shi aron faifan kwana biyu, ɗansa yana da abin da zai sa masa, yana so tsohuwarsa ta ji ta huɗun. Wannan ne karo ɗaya da faifan ya fita daga motar. Sai da ya yi kwana tara ya dawo da shi, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ya ɗaure tsagaggen murfin da zare.