Kur ɗin kimiyya na hutu da na sa ɗiyata: jika biyar ɗina ba su faɗi banza ba

Jama'a masu tambayata a kan kur ɗin da wani mushe ke yi ma yara nan kartiyenmu lokacin hutu, to ga abin da na gani da idona. Ɗiyata tana sankiyam, na biya jika biyar na wata biyu, da farko ma na ɗauka irin kur ɗin nan ne na a cika kaye da rubutu a hardace a dawo gida.

Ranar farko tambaya ɗaya ya yi musu, wai daga ina ƙwarin wake ke fitowa? Yara suka ce ai waken ne ke haifarsu in ya daɗe, wallahi ni ma da nike ajiye wake shekara da shekaru haka na taso ina ji. Bai ce musu ƙarya ne ba, cewa ya yi kowa ya rubuta zatonshi sannan a gwada. Suka samo buteli uku, wake iri ɗaya mudu ɗaya aka raba, ɗaya aka cika shi taf aka toshe bakin ba iska, ɗaya aka gauraya da toka, na ukun aka bar shi haka nan ba a yi mishi komai ba, shi ne suke kira shaida. Nan ne ya burge ni, ya ce in ba ka da shaida ba ka san ko maganinka ne ya yi aiki ko dama ƙwarin ba su zo ba, kuma abu ɗaya tak ake canzawa, in ka canza biyu to wanne za ka yaba?

Kowane sati sai su zube ƙwaya ɗari su ƙirga masu huji su rubuta. Wajen sati shida shaidan ya fara zama gari, na tosasshen kuwa lafiya lau, don ƙwaron tun daga gona yake sa ƙwai a jikin waken, in iska ta ƙare a ciki sai ya mutu. Dabarar buhun ajiye wake na PICS mai ninki uku ke nan da masu binciken cibiyar binciken noma ta ƙasa (INRAN) na nan Maradi suka yi aiki a kanshi, muna saye kullum ba mu san dalili ba. Ya kuma ba su labarin Francesco Redi na Italiya da ya yi irin haka a 1668 da nama, wanda ya rufe da ƙyalle tsutsa ba ta fito a jikinshi ba saboda ƙuda bai samu sauka ba.

Inda ban ji daɗi ba, yara sun yi yawa, kusan talatin a zaure ɗaya ga zafi, madubin ƙara girman abu guda ɗaya ne sai an yi layi, kuma bayani da Hausa yake yi amma rubutu dole da Faransanci, masu rauni sai su koma kwafar na wasu. Na faɗa mishi, ya ce baɗi zai raba su kashi biyu, Allah ya sa.

Jiya kawunta ya ce barkono ya fi toka tsare wake, sai na ji ta ce kawu ka taɓa gwadawa da shaida? Yanzu haka buteli biyu na nan bayan ƙofa muna jira.