Matokaran mota masu ɗaukar tan 3: abin da na gani bayan wata takwas ina aiki da su a gida

Wata takwas ke nan da na sayi matokaran mota guda biyu, wato ƙafafun ƙarfen nan da ake girkewa a ƙarƙashin mota bayan an ɗaga ta da jak, domin in riƙa yin ƙananan gyare-gyare a gida ba sai na kai ta gareji ba. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, kuma aikin da nake yi mata da hannuna bai wuce juyen baƙin mai, da gyaran birki, da sauya wa tayoyi wuri, da leƙa ƙarƙashinta idan na ji wata ƙara da ban saba ji ba. Na yi aiki da matokaran nan fiye da sau goma, don haka ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da na gani game da su, mai daɗi da marar daɗi.

Kafin in saye su, abin da nake yi shi ne abin da da yawa daga cikinmu suke yi: in ɗaga mota da ƙaramin jak ɗin da ya zo da ita, in tura bulon siminti a ƙarƙashi, in ɗora guntun katako a kai. Wata Asabar bayan la'asar na cire tayar gaba ta dama, na juya zan ɗauko sifana, sai na ji ƙas a bayana. Ko da na waiwaya, bulon ya tsage gida biyu, jak ɗin ya karkace, motar kuma ta zauna a kan farantin birki. Minti biyu kafin nan hannuna da kafaɗata suna cikin ramin tayar. Bulo yana da rami a cikinsa, an yi shi ne domin nauyin gini ya bazu a kansa gaba ɗaya, shi ya sa idan aka tara masa nauyi a wuri guda ba ya lanƙwasa balle mutum ya ankara, sai dai ya fashe farat ɗaya. Shi ma jak, kowane iri ne, aikinsa ɗagawa ne kawai. Ƙaramin da ke zuwa da mota gindinsa bai fi tafin hannu ba, an yi shi ne don canza taya a bakin hanya, babban jak mai aiki da mai kuwa duk nauyin da ke kansa ya dogara ne da 'yar robar da ke hana man zurarewa, ranar da ta gaji kuma mota za ta sauko ba tare da sallama ba.

Na samo matokaran a wani shagon kayan aikin makanikai a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma kuɗin biyun bai kai na sabuwar taya guda mai kyau ba. Kowane ɗaya yana da ƙafa huɗu na ƙarfe da aka haɗa da walda, faɗi a ƙasa, tsukakke a sama. A tsakiya akwai sanda mai haƙora da ake ja sama gwargwadon tsayin da ake so, da wani harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran ya riƙe ta, sai mariƙi a gefe da ake ɗagawa idan za a saki sandar. A kan sandar akwai mazauni mai ɗan kwari inda jikin mota ke hawa. Da na auna da tef, tsayinsu yana farawa daga kimanin santimita 29 zuwa 42.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya fahimta shi ne ma'anar tan 3 ɗin da aka rubuta a jikinsu. Mai shagon ya ce mini, “Alhaji, kowane ɗaya tan uku yake ɗauka,” kuma na tabbata abin da ya sani ke nan ya faɗa. Amma da na karanta ƙananan rubutun da ke jikin takardar da aka manna, sai na ga cewa adadin na biyun ne a haɗe, wato tan ɗaya da rabi kowanne, kuma haka yawancin masu ƙera su suke lissafawa. Wannan bai dame ni ba, domin Corolla gaba ɗayanta ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, kuma idan gaba kaɗai aka ɗaga, abin da ke kan matokaran kusan kashi 60 cikin 100 ne na nauyinta, tunda a can injin yake. Sai dai mai babbar mota irin Hilux ko jif ya kamata ya nemi masu tan 6, saboda nauyi da kuma tsayi, domin waɗannan ko an ja sandarsu har ƙarshe da ƙyar za su kai inda ake so, matokari kuwa ya fi tsayawa daram idan ba a ƙure tsayinsa ba.

Wajen ƙira, na gamsu. Waldar ta zagaye kowace mahaɗa ba tare da rami ko tsagewa ba, ƙafafun huɗu suna taɓa ƙasa a tare ba ya rawa, kuma harshen yana shiga cikin haƙoran har gindinsu. Wannan na ƙarshe shi na fi tsayawa a kansa tun a shago, inda na sa fitilar waya na riƙa jan sandar haƙori bayan haƙori ina kallon yadda harshen ke zama. Dalilina shi ne abin da ya faru a Amurka a 2020, lokacin da kamfanin Harbor Freight ya janye matokarai fiye da miliyan ɗaya da rabi daga hannun jama'a, saboda a wasunsu harshen ba ya kama haƙoran yadda ya kamata, ta yadda idan nauyin mota ya ɗan motsa yana iya suɓucewa. Idan hakan ta faru da kayan da aka sayar a ƙasar da ke da hukumomin sa ido, to mu da muke saye a kasuwa ba tare da wanda zai kira mu ya ce mu dawo da su ba, dole ne mu yi wa kanmu binciken. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne nawa suna da ƙusar kulle ta biyu, wadda ake zurawa ta gefe bayan an daidaita tsayi, kuma ba zan sayi wanda ba shi da ita ba.

Akwai aibobi guda uku da na gani. Mafi sauƙi shi ne fenti, wanda ya fara ɓarewa tun a wata na biyu. Na biyu shi ne takardar bayani, 'yar falle ɗaya da Turanci, mai zane biyu da ba sa nuna komai game da inda za a sa matokarin a jikin mota, alhali nan ne gizo ke saƙar. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne mazaunin da ke sama. Tsirarar ƙarfe ne, kuma kwarinsa ya fi dacewa da zagayayyen ƙarfe irin na gatarin bayan manyan motoci. Ƙananan motoci irin tawa kuwa, wurin da aka tanada musu shi ne siririn leɓen ƙarfen nan da ya bi ta ƙarƙashin ƙofofi daga gaba zuwa baya, inda aka manne falle-fallen jikin motar. A karon farko da na sauke motar a kai, leɓen ya ɗan lanƙwashe, fentinsa ya kankare, sai da na shafa masa giris don kada tsatsa ta samu hanya. Daga baya na samo robobi masu tauri masu tsaga a tsakiya waɗanda ake ɗorawa a kan mazaunin, leɓen ya faɗa cikin tsagar, matsalar ta kau. Da masu ƙerawa sun haɗa da su a cikin kwalin, da sun kyauta.

Inda ake girke matokari shi ne rabin amfaninsa, kuma a nan na fi ɓata lokaci kafin hannuna ya faɗa. Idan mutum ya durƙusa ya leƙa wancan leɓen, zai ga 'yan tsagogi biyu a bayan tayar gaba, da wasu biyu a gaban tayar baya, kuma tsakaninsu ne aka ninka ƙarfen domin ya ɗauki nauyi. Littafin da ke zuwa da mota yana nuna waɗannan wurare da zane, wanda motarsa ta zo ba littafi kuma zai same shi a intanet idan ya sa sunan motar da shekararta. Ba a sa matokari a ƙarƙashin kwanon baƙin mai, ko tankin fetur, ko salansa, ko shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ƙafafun fasinja ke takawa, domin duk waɗannan lotsawa za su yi, haka nan ba a sa shi a kan wani ƙarfen taya da ke motsi sama da ƙasa. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: da yawa daga cikin motocin da muke hawa sun yi shekaru a Amurka ko Kanada ko Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana cin ƙarƙashin mota. Saboda haka kafin a amince da wurin, a ƙwanƙwasa shi da sifana. Idan yana zubar da ɓawon tsatsa ko ya yi laushi, a nemi wani wuri mai kauri a jikin ƙarfen da ke riƙe da injin, ko kuma a haƙura a kai motar gareji mai rami.

A nan ne na gano cewa matokaran ba sa tafiya da ƙaramin jak. Wurin da jak ɗin ke kamawa shi ne dai wurin da matokarin yake bukata, ga shi kuma ba ya ɗaga motar ta kai santimita 29 cikin natsuwa. Dole na ƙara kuɗi na sayi jak mai tayoyi, wanda nake turawa ta gaba ya kama wurin ɗagawa na tsakiya da littafin motar ya nuna, ya ɗaga gaban gaba ɗaya, gefe biyun kuma su zama a sake. Duk mai niyyar sayen matokarai ya sa wannan a cikin lissafinsa tun farko.

Ƙasan da za su tsaya a kai ma abin dubawa ne, domin ƙafafunsu ba su da tafi, bakin ƙarfe ne kawai mai kaifi. A kan daɓen simintin da ke cikin gidana ba su taɓa motsi ba. Amma ranar da na gwada su a ƙofar gida a kan ƙasa, ina kallo ƙafa ɗaya ta fara nutsewa cikin yashi, matokarin ya ɗan sunkuya, nan take na mayar da jak na sauke motar. Kwalta ma tana yin laushi a zafin Afrilu, ƙafafun su shige cikinta a hankali. Wanda ba shi da daɓe ya nemi faffaɗan katako mai kauri ko farantin ƙarfe ya shimfiɗa a ƙarƙashin kowanne, wurin kuma ya kasance a miƙe ba gangare.

Yadda nake yi yanzu ya zame mini jiki. Nakan kashe mota, in sa giya a P, in ja birkin hannu, sannan in sa waigi gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Waigin ba ado ba ne: birkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, giya kuma a mota irin tawa tayoyin gaba take kullewa, don haka duk ɓangaren da aka ɗaga, ɗaya daga cikin biyun ya daina aiki. Idan zan cire taya, nakan sassauta notocinta tun tana ƙasa, saboda ƙarfin da ake sa wa noti mai tauri ya isa ya girgiza motar da ke sama. Bayan na ɗaga, sai in tura matokaran da hannu ɗaya ba tare da na shigar da kaina ƙarƙashi ba, in ƙirga haƙoran don su zo daidai a gefe biyun, in zura ƙusoshin kulle, in riƙa sakin jak a hankali ina leƙawa har leɓen ya zauna a tsakiyar robar. Daga nan sai in dafa motar da hannu biyu in jijjiga ta sosai gaba da baya da gefe, domin in dai za ta faɗi, gara ta faɗi ina tsaye. Tayar da na cire nakan kwantar da ita a ƙarƙashin ƙofa, jak ɗin kuma in bar shi yana taɓa motar ba tare da ya ɗauki nauyi ba. Ba na shiga ƙarƙashi sai na gaya wa mai ɗakina, ta kuma tsare yara a cikin gida, domin yaro yana ganin mariƙin nan ja hannunsa zai kai.

Cikin wata takwas ɗin nan ban ga wani alamar lanƙwasa ko tsagewa a jikinsu ba, kuma nakan duba waldar da haƙoran kowane lokaci kafin in yi aiki. Da damina ta shigo, tsatsa ta ɗan kama inda fentin ya ɓare, na goge da burushin ƙarfe, na ɗiga mai a mahaɗar mariƙin, na daina ajiye su a tsakar gida na mayar da su sito. Ga mai ƙaramar mota da ke da daɓen siminti da jak mai tayoyi, ina ba da shawarar a saye su, tare da robobin mazauni da waigi biyu a rana guda. Ni dai ina shirin ƙaro wasu biyun irinsu, saboda sauya wa tayoyi wuri yana bukatar motar ta tashi gaba da baya a lokaci ɗaya, kuma zan sake zuwa da fitilata in duba haƙoransu ɗaya bayan ɗaya kafin in biya.