Zuwa waje karatun zango ɗaya: Erasmus, kuɗin aljihu ko maƙwabta?

Yawancin ɗaliban da ke son shiga harkar musayar ɗalibai da ƙasa suke farawa, wai Jamus ce ta fi ko Turkiyya ko Malesiya. Ni dai a ganina ba nan ake farawa ba. Fara da ofishin shugaban sashenku da malamin da ke riƙe da sakamakon jarabawa, don in jami'arka ba ta yarda ta lissafa maka kwasa-kwasan da ka yi a can ba to yawon buɗe ido kawai ka je, ka dawo ka tarar 'yan ajinku sun wuce kai kana jan kari-oba.

Shi ya sa na fi fifita Erasmus+, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, a kan sauran hanyoyin. Ba kai ke nema kai tsaye ba, dole sai jami'arka tana da yarjejeniya da wata jami'a a can, su za su fitar da sanarwa su tace ɗalibai. In ka samu ba ka biyan kuɗin makaranta a can, ana ba ka yuro 800 zuwa 900 duk wata gwargwadon tsadar ƙasar, ga kuma tallafin kuɗin jirgi. Amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci wata takarda ce ta yarjejeniyar karatu da kai da jami'arka da masu karɓarka duk za ku sa wa hannu kafin ka tashi, a ciki an jera kwas kaza na can shi zai maye kwas kaza na gida. Cikakken zango a Turai kiredit 30 ne a ma'auninsu na ECTS, kuma ba ɗaya yake da yunit ɗinmu ba, saboda haka ka zauna da malamin ajinku ku daidaita, ka tabbata an buga hatimi, kar ka yarda da "je ka kawai in ka dawo za mu duba". Malamin da ya faɗa maka haka wataƙila kafin ka dawo ya tafi hutun sabatika. Turkiyya ma tana cikin tsarin, ga mai son inda zai ji kiran salla kuma ba sai ya tsaya karanta bayan kowane kwalin abinci ba.

Matsalar Erasmus guraben kaɗan ne, kuma sau da yawa kuɗin ba sa shigowa sai ka isa ka yi rajista ka buɗe asusun banki, to kuɗin wata na farko da na ajiyar ɗaki daga aljihunka za su fito. A Jamus mai gida yana da ikon karɓar ajiya har ta hayar wata uku. Kuma don Allah kar ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da a hoto kawai ka gani, nemi ɗakin kwanan ɗalibai ta hannun jami'ar tun ranar da takardar karɓa ta zo.

Sai hanya ta biyu, ka nemi jami'a da kanka ka biya. Nan fa sai gida da ƙarfi. Jamus na ruɗin mutane da cewa karatu kyauta ne, eh yawancin jami'o'in gwamnati kuɗin hidimar zango kawai ake biya, amma kafin biza sai ka nuna kuɗin zama a asusun da ake kullewa, yuro 992 kowane wata tun daga 2024, ka buga shi sau shida ka mai da shi naira ka ji. Kuma tunda zaman ya haura kwana 90 bizar Shengen ta ziyara ba ta yi, sai ta dogon zama, layinta kuwa ba a cewa komai. Ingila ta fi sauƙi ta wannan fuskar, karatun da bai wuce wata shida ba ana iya yin sa da bizar baƙo, sai dai babu damar yin aiki ko na awa ɗaya, ga kuɗin makaranta kamar me. Malesiya tsaka-tsaki ce, da Turanci ake koyarwa a kwasa-kwasai da dama, abinci halal ko'ina, ba ruwanka da sayen rigar sanyi, tikitin jirgin ne dai zai ɗan girgiza ka. 'Yan uwa na Nijar masu hangen Faransa kuma su tuna ofishin jakadancinta na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, maganar biza ta zama doguwar tafiya.

Akwai wadda ake rainawa, wato maƙwabta. Ɗan Najeriya da fasfon ECOWAS zai shiga Gana ba biza, ya je Jami'ar Gana da ke Legon ko jami'ar KNUST ta Kumasi, takardar izinin zama ce kawai zai nema in zaman ya yi tsawo, kuma a unguwar Nima ta Accra ko unguwar Zango ta Kumasi da Hausa zai yi cefane. Sai dai kuɗin ɗaliban waje da dala suke lissafa shi, kar ka ɗauka araha ce ta banza.

Sannan duba kalanda, wannan shi ke kayar da mutane da yawa. Zangon hunturu a Jamus daga Oktoba yake zuwa Maris, na bazara Afrilu zuwa Satumba, namu kuwa yajin aikin ASUU ya hargitsa shi, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, shi ya sa zango ɗaya a can yana iya cin rabin wannan da rabin wancan a gida. Kar ka tafi a zangon da za ku fita SIWES, wato horon sanin makamar aiki, kar kuma ka tafi a shekarar ƙarshe kana da furojet a wuya, aji biyu ko farkon aji uku ya fi.

Wajen haɗa kaya kuma a bar kilishi da dambun nama a gida, Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga wajenta ba, a filin jirgi za su ƙwace. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa su ne ba a cika samun matsala da su ba, a ɗaure su da kyau a leda biyu kar su bi duk kayan sawa.